Ruwan Sanyi Bai Taso Ba

Duk wanda ya ji cewa Zuhra 'yar Gumel ce kuma karatun teku take yi, sai ya yi dariya tukuna kafin ya yi mata fatan alheri. Ita ma takan taya shi. Sai da ta kai shekara ashirin da shida kafin ta ga ruwan da ba a hango ɗaya gaɓarsa, kuma ranar da aka fara sa ta a kwalekwale amai ta yi ta yi har aka dawo da ita tudu. Amma ga ta yau a Manchester, a ɗakin ƙarshe na saman wani tsohon gida a Whalley Range, shekara ta huɗu tana neman digiri na uku a kan zafin ruwa da sanyinsa a kewayen duwatsun murjani.

Wannan makon dai babu zancen dariya. Tun da ta idar da sallar asuba take zaune gaban kwamfuta da hijabinta, tana kallon wani jan layi da ya ƙi saukowa.

Layin daga nesa yake zuwa. Can gaɓar Afirka ta Gabas akwai wani ɗan tsibiri inda mata goma suke renon murjani. Ba murjanin wuya ba, mai rai, wanda yake yin rassa a ƙarƙashin ruwa, kifi ya haihu a cikinsa ya ɓoye 'ya'yansa. Na tsibirin ya mutu da yawa a shekarun baya, kifi ya yi ƙaura, mazajensu suka koma fita da safe su dawo da kwando a bushe. Shi ne matan suka shiga tsinto gutsattsarin da suka rage da rai, suna ɗaure su a jikin igiyoyi cikin ruwa har su yi girman da za a dasa. Igiya arba'in ce, kowace mace da huɗu, kowace igiya da gutsure tamanin. Shekara uku suna wannan aiki, suna nutso suna goge musu gansakuka da tsohon buroshin haƙori. Shugabarsu wata doguwar mace ce mai suna Shifa, wadda ba ta iya dogon zance ba. A tsakiyar igiyoyin akwai wata 'yar na'ura da ba ta fi tocila ba, ita take auna zafin ruwan, duk sa'a ta aiko wa Zuhra labari.

Shi murjani ba ya jure zafi. In ruwa ya haura digiri talatin ya zauna a nan makonni, sai ya kori wasu 'yan ƙananan tsirrai da suke zaune a jikinsa, alhali su ne abincinsa kuma su ne launinsa. Sai ya yi fari fat, daga nan yunwa ta ƙarasa shi. Yau mako biyar ke nan na'urar tana cewa talatin da ɗaya da ɗoriya.

Abin da ya hana Zuhra cin abinci shi ne, da bakinta aka kai igiyoyin nan wurin da suke. Da can suna wani kwari ne mai zurfi da duhu, inda murjanin yake girma a hankali kamar ba ya so. Ita ta gano wani wuri daban, wata 'yar kafa tsakanin duwatsu biyu a bakin inda ƙasan teku yake gangarawa, ta raɗa masa suna Zaure, don ya tuna mata zauren gidansu inda iska take ratsawa ko da bazara.

Yadda ta gano shi ma abin ba da labari ne, kuma ta ba da shi a taro ya fi sau goma. Zuhra mai azumin sha uku, sha huɗu da sha biyar ga wata ce tun tana budurwa. A shekararta ta farko, tana fama da lambobin da ba ta ga kansu ba, sai ta lura cewa duk lokacin da take wannan azumi, layin Zaure yakan yi ta faɗowa ƙasa sau biyu a yini. Ta ɗauko kalandar masallaci daga jikin firij ta jera da lambobin, sai ga shi haka yake yi kuma a tsayuwar sabon wata. Bayanin ba wuya. Duk wanda ya taɓa wanka a kududdufi ya san saman ruwa ɗumi, ƙafa kuwa sanyi take ji. Teku ma haka take. In wata ya tsaya ko ya cika, cikar teku da janyewarta sukan yi ƙarfi, ruwa ya bugi gangaren da ke ƙasa, ya tunkuɗo sanyin da ke kwance can ciki ya biyo ta kafar nan. Sa'a biyu kawai yake yi, ya sauke zafin da digiri uku, ya koma. Wannan ɗan sararin ya ishi murjani ya numfasa. Sai dai akwai sharaɗi. Sai iskar gaɓa tana kaɗawa tana share ruwan ɗumin sama zuwa tsakiyar teku, sannan ruwan sanyin yake matsowa kusa inda cika za ta iya ɗago shi. Bana iska ta kwanta.

A tsayuwar watan nan layin ya ɗan russuna, rabin digiri, ya miƙe. Yanzu saura cikar wata. In ita ma ta wuce a banza, murjanin ba zai ga wata ba.

Ta ji takun Hajiya Kulsum a matakala. Ita ce mai gidan, 'yar Kumasi, shekararta talatin a Ingila. Ciwon gwiwa ya hana ta sakat, amma bai taɓa hana ta hawa bene uku don ta ga abin da ya hana mutum saukowa karin kumallo ba.

“Ɗiyata, ga koko da ƙosai. Tun jiya ban ji ƙafarki a kitchen ba. In kika faɗi a nan sama wa zai ɗauke ki? Likitan GP ma sai an yi sati biyu ana roƙo kafin a gan shi.”

“Lafiyata ƙalau, Hajiya.”

“Ruwan naki bai huce ba?”

“Bai huce ba.”

“Yau nawa ga wata?”

“Sha biyu.”

“To ai an kusa. Ke da bakinki kika ce min in wata ya cika sanyi yana zuwa. Wanda Ya kawo shi bara Yana nan. Sha kokon nan tun da zafi, na san gobe azumi za ki ɗauka.”

Zuhra ta ce amin, ta karɓi kofin. Ta ji kunyar tsohuwar, don akwai abin da Hajiya ba ta sani ba, Shifa ma ba ta sani ba, kuma shi ne yake cin ta.

Shekara ɗaya da rabi da ta wuce aka yi zama a Birmingham don a yanke ko za a kwashe igiyoyin zuwa Zaure. Su uku ne. Da ita, da wata Baturiya Margaret daga ƙungiyar da take tallafa wa matan, sai Dakta Abdulsalami. Dakta abokin mahaifinta ne, shi ya koyar da ita a jami'a a gida, shi ya rubuta takardar da ta kawo ta Ingila, kuma a hannunsa mahaifinta ya danƙa ta a filin jirgi. Baba take ce masa. A wannan zama aka fito da wasu tsofaffin lambobi da wasu masu bincike suka auna a wurin shekara takwas kafin nan. A cikinsu akwai mako bakwai cur da layin bai faɗo ba ko sau ɗaya, wata ya tsaya, ya cika, ya sake tsayawa. Dakta ya duba ya ce na'urar ce ta lalace, abin yakan faru, a cire wannan yankin. Margaret ta juyo ta ce, “Zuhra, kin yarda?”

Zuhra ta san ba lalacewa ba ce. Ta yi kwana uku a kan wannan yankin. Layin yana ɗan hawa da azahar yana ɗan sauka da asuba, na'urar da ta mutu kuwa ba ta san rana ta take ba. Ruwan sanyi ne bai zo ba a waccan shekarar. Amma ta ce Baba ya yi kuskure, a gaban baƙuwa, yana zaune da furfurarsa? Ta dubi yatsunta ta ce ta yarda.

Kada a ce ba ta yi ƙoƙari ba. Ta bi hanyar da aka koya mata a gida. Ta bi Dakta gidansa, ta wuce kicin wurin matarsa Anti Bilqis, ta karɓi wuƙa tana taya ta yankan alayyahu, can ta ce, “Anti, da ma akwai wani ɗan wuri a takardun nan da ban gane ba. Ƙila ƙarancin sanina ne. In Baba ya samu sarari ko zai ƙara dubawa, in kuma bai samu ba babu komai.” Hannunka mai sanda ta yi, sai dai ta naɗe sandar da ladabi har babu wanda ya gan ta. Anti Bilqis ta kai saƙo yadda ta fahimce shi, cewa karatu ya yi wa yarinyar nan yawa, a ƙarfafa mata gwiwa. Washegari Dakta ya kira ta ya yi ta yabon aikinta, ya ce kada ta kuskura ta raina kanta. Ta ce, “Na gode, Baba.” Aka kwashe igiyoyi. Shekarar farko sanyi ya zo a kan kari, murjani ya ninka girmansa, Shifa ta aiko hotuna matan suna ta guɗa a cikin kwalekwale. Zuhra ta lallashi zuciyarta da cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Ran sha uku ga wata ta ɗauki azumi, ta hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham. Duk hanya wayarta tana hannunta. Kowace sa'a sabon ɗigo yake fitowa a ƙarshen layin, kowanne kuma daidai da ɗan'uwansa. Ta sauka a Selly Oak, ta bi Bristol Road tana ratsa ɗalibai masu dariya da kofunan shayi a hannu, tana jin haushinsu ba su yi mata komai ba.

Anti Bilqis ta buɗe ƙofa ta ce, “Ke kuma wace irin rama ce wannan?” Zuhra ta gaishe ta, ta wuce falo. Dakta yana zaune da jallabiya, tabarau a kan hanci, kwamfuta a cinya, kuma tun daga bakin ƙofa ta hango jan layin nan a gabansa. Ta durƙusa ta gaishe shi.

“Tashi, tashi, zauna a kujera. Na san abin da ya kawo ki. Tun safe nake running model ɗin nan na lissafin ruwan. Ruwan sanyin ya nutse, Zuhra. Bara yana mita talatin, yanzu ya wuce tamanin. Ban taɓa ganin haka a wurin nan ba.”

Ba ta hau kujerar ba. Ta zauna a kan kafet ta tanƙwashe ƙafa.

“Baba, an taɓa yi.”

“Yaushe?”

“Tsohon data ɗin nan da muka cire. Mako bakwai ɗin nan.”

“Ai logger ɗin ne, abin awon zafin, ya samu matsala.”

“Lafiyarsa ƙalau, Baba. Yana hawa da azahar yana sauka da asuba.”

Dakta ya dube ta ta saman tabarau. Ya shiga lalube a kwamfuta har ya samo tsohon fayil ɗin, ya buɗe, ya ƙara girman wurin, ya matso da fuskarsa. Minti bai cika ba ya gani. Abin da ya fi yi mata ciwo ke nan, cewa minti ɗaya ya ishe shi.

“Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.” Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. “Yaushe kika lura?”

“Kafin meeting ɗin.”

“Kafin meeting ɗin? Kina zaune, Margaret ta tambaye ki, kika ce kin yarda?”

“Na faɗa wa Anti.”

Anti Bilqis, wadda take tsaye a bakin ƙofa da farantin lemo, ta dafa ƙirji. “Ni? Ni kika faɗa wa? Wallahi cewa kika yi akwai wurin da ba ki gane ba.”

“Haka na ce, Anti.”

Zuhra ta zo da shirin a yi mata faɗa, har so take a yi, ko ta samu sauƙi. Dakta kuwa sai ya shafa gemunsa ya yi ta kallon bango.

“Laifina ne,” ya ce a hankali. “Shekara ashirin ina gaya wa ɗalibai su riƙa challenging ɗina. Turawan nan har da sunana suke kirana su ce I'm wrong, in yi murna. Ke kuma na bar ki kina durƙusa min a office, ina jin daɗi, ina cewa ga 'yar gidan mutunci. Ban taɓa tunanin abin da durƙuson zai hana ki faɗa ba.”

“A'a Baba, ni ce…”

“Bar shi. Rabon laifi ba zai sauke digiri ko ɗaya ba. Me za a iya yi?”

Suka zauna suna juya abin har la'asar, kuma duk ƙofar da suka taɓa a rufe take. A mai da igiyoyin tsohon kwarin? Kwalekwale ɗaya gare su, kawo su ma mako biyu ya ci, kuma yanzu ruwa yana gudu da ƙarfi saboda cikar wata, babu mai nutso a Zaure sai ya lafa. Ko ya lafa, murjanin da ya galabaita in aka ɗaga shi sama ya sha iska yana iya ƙarasawa a hannu. A shimfiɗa musu rumfar yadi a saman ruwa? Cika ɗaya za ta yage ta. Dakta ya kira wani abokinsa masanin iska, aka ce masa babu alamar za ta tashi kafin mako uku. Ya kira Margaret, ta ce tana jajantawa ƙwarai, za ta sa maganar a zamansu na wata mai zuwa.

“Saura abu ɗaya,” in ji Dakta. “Babbar cika ba ranar sha huɗu take kaiwa ƙarshe ba, kin sani, sai sha shida ko sha bakwai. Ta bana tana da ƙarfi. Ko da wave ɗaya ne, bugun ruwa ɗaya, ya kai ga sanyin…” Bai ƙarasa ba, don shi ma bai yarda da maganar ba.

Anti ta matsa ta tsaya ta sha ruwa, Zuhra ta ce jirgi zai wuce ta. Aka cusa mata dabino da dambun nama a jaka. A bakin ƙofa Dakta ya ce, “Ki bar ni in gaya wa matan nan da kaina.” Ta ce a'a, ita suka sani.

Kwana huɗun da suka biyo baya babu abin faɗi a cikinsu, kuma su ne mafi tsawo. Ta san sa'ar da cika take kaiwa Zaure, sau biyu a yini, don haka takan zauna tun kafin lokaci, ta ɗora hannu a kan tebur kamar mai jiran sakamakon asibiti. Ran sha huɗu babu komai. Ran sha biyar layin ya sauka da kashi biyu cikin goma na digiri, ta miƙe tsaye har ta ture kujera, sa'a ta gaba ya koma inda yake. Ta yi addu'a iri-iri, har da wadda ita kanta ta san ba ta da kan gado, ta roƙon Allah Ya sa na'urar ce ta lalace. Hajiya Kulsum ta daina tambaya, sai dai ta ajiye kwano a bakin ƙofa ta sauka tana nishi. Ran sha shida da sha bakwai teku ta yi iyakar ƙarfinta. Ta tunkuɗo ruwa daga ƙasa yadda ta saba, sai dai ruwan da ta samu a can ma mai ɗumi ne.

Ran sha tara da hantsi Hajiya ta gaji da ganinta a ɗaki, ta aike ta Longsight sayen naman rago da attaruhu, ta ce ko iska ta sha. Zuhra ta sayo, tana tsaye a wurin jiran bas a Stockport Road da leda a hannu, waya ta yi ƙara. Shifa ce. Da Turanci suke magana, nata a tsinke, na Shifa a gajarce. A bayanta ana jin ƙarar inji da ruwa yana dukan katako.

“Dada Zuhra,” in ji Shifa. Haka suke kiranta, 'yar'uwa ke nan da yarensu. “Ruwa ya lafa. Muna Zaure, mu duka.”

“Yaya suke?”

“Fari. Daga sama kamar an shanya kaya.”

Zuhra ta ajiye ledar a ƙasa. Ta riga ta shirya maganar tun a jirgin Birmingham, ta gyara ta ya fi sau ɗari, amma da ta buɗe baki sai ta fito tsirara.

“Shifa, na san haka tana iya faruwa. Akwai shekarar da sanyin bai zo ba, na gani a takarda tun kafin ku kwashe. Ban faɗa ba. Na ji nauyin malamina ne.”

Inji yana ta ƙara. Wata bas ta tsaya, ta buɗe ƙofa, direba ya dube ta, ya rufe ya wuce.

“Na ji,” in ji Shifa. Muryarta ba ta canza ba. “Wannan maganar za mu yi ta wata rana. Yanzu muna da sa'a uku kafin ruwa ya juya. Kwalekwalen zai ɗauki igiya huɗu a cikin baho, mu kai su tsohon wuri. Huɗu kawai. Ki zaɓa mana.”

“Ku da kuke ganinsu ai kun fi ni…”

“Kowace igiya da mai ita. In na zaɓa, sai a ce na zaɓi ta ƙawata. In muka fara wannan ba za mu sake shiga kwalekwale ɗaya ba. Mun yi shawara, ke za ki faɗa. Ke kike da takarda.”

Da zaginta suka yi da ya fi mata sauƙi. Ta buɗe taswirar igiyoyin a waya. Ta san wadda ta fi zurfi, ta san wadda take inuwar dutse, ta san wadda aka ɗaura wa irin da ya fi jimiri. Abin da ta sani ke nan, da shi ta fara.

“Ta talatin da ɗaya. Ita ta fi zurfi.”

Shifa ta faɗi wani abu da yarensu. Aka ji faɗawar mutum a ruwa. Zuhra ta tsaya tana kallon wani mai shago yana jera tumatir a tsallaken titi. Can aka ji tari da numfashi.

“Ta Rebecca ce. Ta ce naman yana saluɓewa a hannu, har ya fara wari. Ta riga ta tafi. Wata?”

“Talatin da biyu.”

“Ta duba ta tana can ƙasa. Ita ma.”

“Sha bakwai. Tana bayan dutse.”

Aka sake faɗawa ruwa. Wannan karon an daɗe.

“Ta Catherine. Akwai guda shida masu ɗan launi a ƙarshenta. Ta yanko su. Sauran babu.”

Shida cikin tamanin. Zuhra ta ce sha takwas, aka ce ita ma. Ta ce ashirin da biyar, aka samu biyu. Ta ce tara. Ta daina duba zurfi da inuwa, ta koma kiran lamba kawai, ɗaya bayan ɗaya, hawaye yana zuba a kan gilashin wayar tana sharewa da gefen hijabi. Wata tsohuwa Baturiya da take jiran bas ta miƙo mata takardar share hanci, ta karɓa ba ta ko dube ta ba. Daga can tana jin wata mace tana kuka ƙasa-ƙasa, wata tana ba ta haƙuri, Shifa kuma tana amsawa da murya ɗaya, ita ma, ita ma, uku, ita ma. Bahon da aka tanada don igiya huɗu ko gindinsa bai rufe ba.

Ta kai ƙarshen taswirar. Saura huɗu da ba ta kira ba, don tun farko take kewaye su, daga ta ɗaya zuwa ta huɗu. Su aka fara ɗaurawa shekara uku da suka wuce, su suka fi kowanne girma, kuma ta san mai su.

“Saura naki, Shifa. Ɗaya zuwa huɗu. A duba su.”

“Ba sai an duba ba.”

“A duba dai. Manya ne, ƙila sun…”

“Dada Zuhra,” in ji Shifa, “nawa na fara dubawa tun da safe, kafin in kira ki.”